Kawu Bari-Ta-Kwana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar da Kawu ya rasu na maimaita wannan kalma har bakina ya bushe, kuma gaskiya ban ji komai ba ina faɗinta. Na zauna a kan tabarma a ƙofar gidansa da ke bayan tashar mota a Ƙaura Namoda, ina miƙa hannu, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, kamar wanda aka ɗauka aikin amsa gaisuwa. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi tun da aka kawo ni Ƙaura koyon ɗinki, shi ya sa aka zaunar da ni a gaba, kafaɗa da kafaɗa da babban ɗansa.

Direbobi ne suka fi yawa a cikin masu gaisuwa. Sun zo daga Shinkafi, daga Zurmi, daga Moriki, wasu ma da fasinja a mota suka tsaya, suka bar su suna fifita a bakin titi. Wani tsoho a cikinsu, wanda ido ya raba shi da tuƙi, ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce shekara da shekaru yana zagin Kawu a zuci, amma bai taɓa kai motarsa wurin wani ba. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Wani Bafulatani kuma ya zo da sandarsa bisa kafaɗa, ya ƙi zama. Ba wanda ya san shi a cikinmu. Ya ce wata damina matarsa tana naƙuda a bakin hanya, motoci suna wucewa, wannan mutum ne ya tsaya ya kai su asibiti, ya kuma wanke kujerar da hannunsa bai bari an taya shi ba. Ya ajiye goran nono kusa da takalman mutane, ya juya ya tafi. Ko matar Kawu ba ta taɓa jin labarin ba.

Motar tana nan gefenmu a ƙarƙashin dogon yaro, bayanta a ɗage bisa duwatsu, an sauke tankin mai an jingine shi da bango. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, irin wadda ake cusa wa mutum goma a ce bakwai ne, ta girmi 'ya'yana duka. A ƙarƙashinta ya cika. Matarsa ta leƙo da hantsi ta kira shi ya sha kunu, ta ga ƙafafunsa a waje kamar kullum, bai amsa ba kamar kullum, ta ajiye kwanon ta koma ciki. Sai da kunun ya huce ƙudaje suka taru a kansa, wani direba ya zo aron sifana, ya yi sallama ya gaji, ya ja ƙafar. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya saci kallon wurin sannan ya kawar da kai. Ba wanda ya taɓa ko ƙusa ɗaya.

Ba motar wani yake gyarawa ba, tasa ce, kuma saboda Inna yake gyaranta. Inna ita ce mahaifiyata, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, tana ƙauyenmu can bayan Moriki. Ƙauyen ya kusa watsewa. Mutanen daji sun hana noma, sun kwashe dabbobi, duk mai ƙafa ya fito, sai tsofaffi da waɗanda ba su da wurin zuwa. Inna tana da wurin zuwa, ɗaki na gina mata a gidana har da shafe, amma ta ƙi. Na je na roƙa, ƙannena mata sun je sun yi kuka, ta ce a ɗakin da mijinta ya bar ta, a nan za a ɗauki gawarta. Mutum ɗaya take saurara a duniya, shi ne Kawu, shi ma saurare ne kawai, ba ta taɓa ce masa to ba. A makon da ya rasu ya ce mini ya gaji da lallashi, ranar kasuwa zai bi ayarin motoci ya je da kansa, ya ajiye mota a ƙofarta, ba zai tashi ba sai ta shiga. Aka yi masa wanka, aka yi masa salla, aka rufe shi kafin la'asar, Inna ba ta sani ba. Waya ba ta shiga ƙauyen sai an hau tudu, yanzu kuwa ba mai hawa tudun. Dattawa suka ce kada a aika da bakin wani, tsohuwa ce mai hawan jini, ɗanta ne zai kai mata. Ina zaune ina amsa gaisuwa abin da ke kaina ke nan, yadda zan faɗa mata, da kuma wanda zai fito da ita yanzu.

Irin su Kawu ba a faɗar rasuwarsu a rediyo. Tun bayan addu'ar arba'in direbobi suka sami wani makanike, jikokinsa za su girma suna jin cewa kakansu mai faɗa ne, shi ke nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da idona.

Makanike ne, yana taɓa inji, yana taɓa birki, amma abin da aka san shi da shi hanyar mai ce, tun daga tanki har zuwa inda man ke shiga inji. Ni tela ne, injin da na sani shi ne wanda ake takawa da ƙafa, sai dai zaman gidansa ya sa na haddace abin ba da niyya ba. Akwai siririn bututun ƙarfe da ke bin cikin mota daga baya zuwa gaba, akwai guntayen tiyo na roba a bakinsa biyu, akwai kilif da ke ɗaure su. A tsohuwar mota ƙarfen yakan ci tsatsa daidai inda aka maƙale shi, robar ta tsattsage don zafi, hanyoyinmu kuma ba su barin komai a ɗaure. Mai ya fara ɗiga, direba ya goga sabulu a wurin ya ci gaba da lodinsa. Kawu in ya ga sabulu a jikin bututu sai ya kankare shi da farce, ya miƙa wa mai motar, ya ce ya kai gida a yi wanki.

Ba ya yarda da faci. In bututu ya ruɓe sabo zai lanƙwasa, kuma yana da yadda yake yi. Yakan ɗebo yashin gulbi ya shanya, ya tankaɗe da rariyar matarsa, abin da suka yi shekaru suna faɗa a kai, ta sayo sabuwa ta ɓoye, ya gano. Sai ya ɗura yashin a cikin bututun har ya cika, ya toshe bakin biyu, sannan ya lanƙwasa shi a gwiwarsa a hankali. Yashin ne ke hana ƙarfen matsewa a kwana. In ya gama ya zazzage, ya hura da baki, ya wanke da mai, ya sake hurawa, har sai ya tabbata ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Shi ya sa kullum bakinsa warin fetur yake yi. Goro bai kashe warin ba, asuwaki bai kashe ba, da shi ake gane ya shigo gida tun kafin ya yi sallama.

Sunan da direbobi suka sa masa, Bari-ta-kwana, a wurin toka ya samo shi. In ya gama aiki, ya ɗaure komai, ya zuba mai, ba ya ba da makulli. Sai ya share ƙarƙashin motar tas, ya barbaɗa tokar murhu mai laushi tun daga baya har gaba, ya ce a bari ta kwana. Da safe in ya dawo daga masallaci ya durƙusa ya duba. Fetur yana bushewa ya ɓace a kan ƙasa, amma a kan toka yana barin tabo ko da ɗigo ɗaya ne. In toka ta tashi fes, ga makullinka. In akwai tabo, ya san daidai inda zai sa hannu, motarka kuma ta ƙara kwana. Na sha ganin magidanta suna haɗa shi da Allah da Annabi, ga lodi yana jira a tasha, ga kasuwar Shinkafi za ta ci ba su, shi kuwa yana murza hannu da ƙasa ko kallonsu ba ya yi. In sun matsa masa da yawa yakan ce, “Ai ban riƙe ka ba, mota nir riƙe. Kai kana iya tahiya.”

Ba zan ce yana da daɗin zama ba. Bai iya yabo ba, bai iya ba da haƙuri ba, in ya yi fushi yakan yi kwanaki yana magana da ƙarfe kawai. Na taɓa ɗinka masa riga ta salla na zuba mata aiki, ya juya ta ya duba ciki, ya ce zare ya fito a hammata. Amma ita ya sa a wannan sallar da ta bayanta, har ta koɗe.

Abin da ya fi ƙi a duniya jarka ce. In hanyar mai ta toshe ko ta fashe a tsakiyar daji, akwai dabarar da kowane direba ya sani. A cika jarka, a ajiye ta a gaba kusa da ƙafar fasinja, a ja tiyo daga bakinta kai tsaye zuwa inji, mota ta tashi. Dabara ce ta fita daji, amma wasu sai su manta, su yi wata guda suna lodi da jarkar fetur tsakanin ƙafafun mata. Kawu in ya ga haka a tasha, ko bai san direban ba sai ya je ya fizge tiyon. Bai taɓa faɗa mana dalili ba. Matarsa ce ta gaya mini cewa yana saurayi, yana koyon aiki, wata mota mai jarka ta kama wuta a gabansa a hanyar Zurmi, ƙofofinta na baya kuma an ɗaure su da igiya saboda sun lalace. Sai a lokacin na gane abin da ya sa tun da na san shi bai taɓa tsayawa wurin mai tsire ba, ko layya aka yi dafaffe kawai yake ci.

A kan jarkar nan suka rabu da babban ɗansa. Shi ɗan nasa taubashina ne, tun muna yara yake kirana bawansa ina ramawa, kuma duk cikin waɗanda Kawu ya koya wa aiki ba mai hannunsa. Wata rana Kawu ya tafi suna, wani direba ya matsa, ga ayari zai tashi, ɗan ya haɗa masa jarka ya sallame shi. Motar ta je ta dawo lafiya, ba abin da ya faru, kuma ina jin wannan ne ya ƙara ɓata abin. Kawu ya kwashe kayan aikin ɗan ya zube su a bakin titi. Ina wurin, na ji amsar da ya ba shi, murya ƙasa, bai ɗaga ido ba.

“Baba, yanzu ba wuta ka kashe mutane bisa hanyag ga ba. Wanda ayari yab bari baya, shi aka ɗauka.”

Ni har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Ɗan ya koma Shinkafi ya buɗe wurinsa. Da salla yakan zo, su gaisa, su yi zancen ruwa da farashin gero. Amma duk motar da ta zo daga Shinkafi aka ce ɗansa ne ya taɓa ta, sai Kawu ya sami dalilin shiga ƙarƙashinta. Ya fito ya kakkaɓe riga ya ce kilif ya ɗauru, ba ya ƙara komai.

Mutumin da manyan direbobi ke shakka, in ka gan shi a gaban Inna sai ka rantse wani ne. Uwarsu ta rasu yana jariri, ita ta goye shi, kuma har gemunsa ya yi fari Auta take kiransa. Yakan cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a ƙasa a bakin ɗakinta, ta ce ya matsa can yana wari, ya matsa. Ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi, a kan rigarsa, a kan ɗansa da ya kora, yana cewa to Yaya. Kafin hanya ta lalace ba ya wata bai je ba, da sukari da sabulu da ƙullin goro a bayan mota. Da ta lalace ma bai daina ba, sai dai ya rage.

Ranar sadakar uku ta faɗo jajibirin kasuwa. Tun da taubashina ya iso daga Shinkafi bai kira ni bawa ba, ni ma ban tsokane shi ba, muna zaune kamar baƙi biyu a tasha. Bayan an shafa addu'a na raɗa masa cewa gobe ayari zai tashi, in ya wuce sai wani mako, kuma ban san abin da zai sami ƙauyen kafin wani mako ba. Na ce na tambayi direbobi, ba wanda zai saki titi ya shiga hanyar ƙauyenmu da motarsa. Ya dubi motar Kawu ya ce jarka ba ta ɗaukar lokaci. Na ce ya yi duk abin da ya ga dama, ni dai ta tashi. Da gaske nake, a ranar ko da igiya za a ja ta ban damu ba.

Ya tashi ya cire babbar riga ya miƙa mini, ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar, daidai inda aka jawo ubansa. Wasu dattawa suka fara gunaguni cewa ɗan mamaci ba ya barin tabarma mutane na zuwa gaisuwa, har liman ya aiko a yi masa magana. Daga ƙarƙashin mota ya ce a gaya wa malam Gwaggo na jira. Masu gaisuwa suka riƙa durƙusawa suna yi wa ƙafafunsa ta'aziyya.

Ya daɗe a ciki bai taɓa komai ba. Da ya fito, bututu ne a hannunsa, sabo, miƙaƙƙe, cike da yashi, bakinsa biyu a toshe. Nan Kawu ya tsaya. Ya riga ya sa sabon tiyo a bakin tanki ya ɗaure, ya ɗura yashi, saura lanƙwasawa. Taubashina bai sake zancen jarka ba. Ya zauna a kan dutse, ya ɗora bututun a gwiwa, ya ce in riƙe masa ƙarshen. Ya lanƙwasa, ya shiga ya gwada, ya fito ya ƙara, ya zazzage yashin, ya hura, ya tofar, ya sake hurawa. Direbobi biyu suka taya mu ɗaga tanki. Kafin la'asar ta yi sanyi an ɗaure komai, an sauke motar daga kan duwatsu, an zuba mai, ya murza makulli ta tashi. Na ce alhamdu lillahi. Shi kuwa ya kashe ta, ya sa makullin a aljihu, ya ce a miƙo masa tsintsiya.

Sai aka rasa toka. Tun ranar rasuwar ba a hura wuta a gidan ba, maƙwabta ke kawo abinci, murhu a share yake. Ana shirin aikawa maƙwabta sai ga kwano rufe da faifai daga cikin gida. Matar Kawu ce ta aiko daga ɗakin takabarta. Ta ce tun safiyar ranar ta tankaɗe masa ita, don ya gaya mata a ranar zai gama.

Da safe muka dawo daga masallaci muka durƙusa tare. Tokar fes take tun daga gaba har tsakiya, duk inda hannunsa ya taɓa. Can baya, daidai ƙarƙashin tanki, akwai tabo ɗaya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya shiga ya laluba, na ga ya tsaya. Kilif ɗin da Kawu ya ɗaure ne. Da yatsa biyu ya juya shi, ya juyu. Wannan mutum ne da in ya ɗaure abu sai an yi gumi kafin a kwance.

“Ya daɗe ba shi da lahiya,” in ji shi. “Bai hwaɗi ba.”

Ya ɗaure kilif ɗin, ya fito, ya sa ƙafa ya shafe tabon kafin direbobi su fara taruwa. Ya barbaɗa ragowar tokar, muka zauna muna kallonta. Muna jin motocin ayari suna tashi a tasha ɗaya bayan ɗaya. Sai da rana ta ɗaga ya sake durƙusawa, ya duba, ya miƙe. A ƙa'idar Kawu sai ta ƙara kwana. Ya ce Baba ya gafarce shi, yau ba ta kwana, muka shiga.

Mu kaɗai muka bi hanyar. Ban taɓa lura da yawan surutun da ke bakin titi ba sai da na ga babu shi. Gonaki sun zama ciyawa, ba akuya, ba mai tallar gyaɗa, rumfunan da ake sayar da rake duk sun zube. Bayan Moriki muka saki titi muka shiga burji, 'yan sa-kai suka tsayar da mu suka leƙa, ɗaya ya gane motar ya yi mana ta'aziyya, ya ce kada mu bari la'asar ta same mu a ciki. Motar ko tari ba ta yi ba. Ni kuwa ina ta jera maganar a raina yadda aka saba, a fara cewa jiki ya yi tsanani, a bari mutum ya zauna, sannan a ƙarasa. Ina ganin tsoro ya kamata in ji a hanyar nan, amma ban ji ba, kamar an cire mini wurin jin.

Inna tana zaune a kan kifaffen turmi a bakin zaure. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau yake, tun daga nesa ta ji motar. Ba ta ɗaure kaya ko ɗaya ba. Ɗankwalinta kawai na kalla na san ta shirya faɗa, don akwai ɗaurin da take yi in za ta ƙi abu. Ko kashe mota ba a yi ba ta ɗaga murya.

“Auta, ka yi asaram mai. Na hwaɗa maka ba ni zuwa.”

Muka fito muka durƙusa a gabanta. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce tana karkata kai wajen motar, tana jiran a buɗe wata ƙofa. Na ce Kawu ne ba ya jin daɗi, ya ce a zo da ita. Ta miƙa hannu ta laluba fuskar wanda ke kusa da ni ta tambayi ko wane ne, taubashina ya ce Gwaggo, ni ne. Ta janye hannun ta ɗora a cinya.

“Auta ba shi aiko min yaro. Ko jan ciki ya ka yi, da kainai za shi zaka.” Ta juyo wajena. “Yaushe?”

Na faɗa mata. Ta tambayi wanda ya yi masa wanka, na faɗa. Ta tambaya ko ya sha wahala, na ce a'a, yana cikin aiki. Ba ta tambayi aikin mene ne ba, ni kuma ban faɗa ba. Ta yi salati sau ɗaya, ba ta yi kuka ba, ta zauna tana kallon wurin da ba komai. Taubashina yana duban rana yana dubana. Na san abin da na zo yi, na san ba ni da wata ranar. Wanda ya iya roƙonta yana cikin ƙasa, ni kuwa duk abin da na iya faɗa na riga na faɗa a baya ta ƙi.

Ita ta miƙe da kanta. Ta shiga ɗaki, muka ji motsi, ta fito da mayafi a ka, buta a hannu ɗaya, tasbaha a ɗayan. Ta ja ƙofar ba ta kulle ba. Ta kira wata tsohuwa maƙwabciyarta ta katanga, ta ce ta riƙa zuba wa kajinta ruwa. Sannan ta juyo wajenmu.

“Gaisuwa za ni, ba tashi ba. Matatai na cikin takaba, ba ta da babba kusa.”

Muka ce to. Taubashina ya buɗe mata gaba, ta shiga ta zauna, ta rungume butarta. Haka take rungume da ita har muka iso Ƙaura.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin zuciyarsa, ya saka masa da abin da ya yi wa mutanen da ba su ma san ya yi musu ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba mu ikon cikawa da imani in tamu ta zo.

Inna tana ɗakin da na gina mata. Kullum da hantsi ake kai ta gidan Kawu ta zauna da matarsa, da yamma a dawo da ita, kuma ta gaya wa kowa cewa ranar da aka fita takaba za ta koma. Labari ya zo mana cewa waɗanda suka rage a ƙauyen sun fito duka, har maƙwabciyar da aka bar wa kaji, ban gaya mata ba. Jiya ina ɗinki a zaure ta tsaya a kaina ta tambaya ko motar Auta tana tashi, don lokaci ya matso. Na ce mata hanyar mai ce ta lalace, kuma mai gyaran ba ya nan. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce haka ne, ta lallaba bango ta koma ciki.